Ambaliya A Damina, Ƙishirwa A Rani: Wa Ya San Hanyar Ruwa, Tsohon Gari Ko Injiniya?

Wai don Allah ta yaya garin da ruwa ya rushe wa gidaje a watan takwas, shi ne kuma in watan huɗu ya zo za ka tarar da mata sun jera bido a bakin fanfo tun asuba, rijiyoyi sun ƙafe? Ina ruwan nan ya tafi? Tun daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe sama da mutum 300 a Nijar ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa lakol zuwa ƙarshen watan goma don mutane na kwance cikin azuzuwa, maganar nan ba ta bar bakin jama'a ba, a fada, a tasha, a gurup na WhatsApp. Kuma kullum gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce mun watsar da hanyar kakanni ne shi ya sa, wasu su ce kai ku bar mu da tatsuniya, a kawo injiniyoyi da siminti kawai. Sai ga masu furoje kuma sun shigo da sabon yare, wai a koya wa yara da manoma kula da ruwa ta hanyar haɗa sanin gargajiya da ilimin kimiyya, mutane da yawa na jin haka suna cewa daɗin baki ne na neman kuɗin Turawa. To akwai daɗin bakin a ciki kam, amma akwai magana ta gaske, kuma nan jihar Tawa muna cikin wuraren da aka fi gwada ta a duk Sahel.

Me ake nufi da kwarin ruwa?

Dubi rufin kwano da indararo. Duk ɗigon da ya faɗi ko ina bisa rufin, ta indararo ɗaya zai sauko, in ka ga ruwa mai datti na zuba a tsakar gida to a hau sama a duba. Ƙasa ma haka take. Duk filin da ruwansa ke gangarowa ya haɗu a korama ɗaya ko tabki ɗaya, tun daga kan dutse har fadama, shi ne kwarin ruwa guda, abin da ma'aikata ke ce ma basan bersan da Faransanci. A Adar abin a fili yake, ga kan dutse shimfiɗaɗɗe a sama, ga gangare mai tsakuwa, ga ƙananan hanyoyin ruwa da ke zaizaye shi, su haɗu su zama korama, korama ta faɗa fadama inda ake albasa da dawa. Majiya kanta haka take tasowa daga duwatsun wajejen Buza ta gangaro ta Kwanni ta tsallaka Najeriya, ba ruwanta da iyakar komin ko ta ƙasa.

Yanzu lissafi kaɗan, don shi ne ke buɗe ido. In aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, lita ɗaya ke nan ta zuba a kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Ruwan dare ɗaya na milimita 30 ya zama lita 300,000 a hektar nan, tano 1,500 na lita 200. Yankin Tawa da ake ce ma busasshe yana samun wajen milimita 350 zuwa 400 a shekara, ka ga lita kusan miliyan huɗu ke sauka a kowace hekta. Ruwan ba kaɗan ba ne. Matsalar, in ƙasar ta zama faƙo, ta yi ɓawo kamar an daɓe ta, fiye da rabin ruwan mai ƙarfi na iya gudu bai shiga ba, ya kwashi ƙasa mai kyau ya tafi da ita, ya je ya ci gonar wani da gidan wani a ƙasa. Ambaliyar watan takwas da ƙishirwar watan huɗu ruwa ɗaya ne, wanda bai samu inda zai tsaya ba.

Abin da ya ɗaure wa masana kai

A zamanin farin 1973 da na 1984 ruwan sama ya ragu sosai a Sahel, kowa ya zaci koramu ma za su ragu. Sai masu awo suka tarar akasin haka, ruwan sama ya ragu amma abin da ke gudu cikin koramu ya ƙaru, har suka sa ma abin suna, abin mamakin Sahel. Dalili shi ne itatuwa da ciyawa sun mutu, an sassabe sauran don noma da girki, ƙasa ta tsiraita ta yi ɓawo.

Mutanen Yamai su ne ke biyan kuɗin wannan a bakin kogi. Kogin Isa sau biyu yake cika a shekara, akwai cikar da ke zuwa daga Gine wajen watan ɗaya, ruwanta a natse, akwai kuma jar cika ta damina wadda ƙananan koguna uku, Goruwol da Dargol da Sirba, ke kawowa daga ɓangaren Burkina, ruwan ja wur saboda ƙasar da ya kankaro. A da ta Gine ce babba, yanzu ja ta fi ta. A watan tara na 2020 kogin ya kai wajen santimita 700 a Yamai alhali jan layin gargaɗi 620 ne, shingen Lamorde ya ɓalle, unguwannin Harobanda suka sha ruwa. Kana iya ƙara wa shinge tsawo kowace shekara, amma faƙon da ke turo ruwan yana can nisan ɗaruruwan kilomita cikin gonakin mutanen da ba su taɓa ganin Yamai ba.

Me tsohon gari ya sani da babu a takarda?

Manomin Adar ba ya ce ma ƙasa ƙasa kawai. Akwai jigawa mai shan ruwa nan take, akwai geza mai tauri, akwai laka, akwai faƙo, kuma ya san wadda za ta riƙe danshi kwana nawa bayan ruwa. Ya san inda goriba ta yi yawa ruwa ba ya da nisa a ƙasa. Ya san gawo na zubar da ganye da damina don haka ba ya rufe wa hatsi rana, hatsin gindinsa ma ya fi na fili kyau. Jera duwatsu a gangare don tare ƙasa, da shimfiɗa kara da rassa bisa faƙo don iska ta tara rairayi gara ta huda wurin, duk an san su tun kafin wani furoje ya zo.

Abin da ya fi tsada a wurinsa kuma shi ne tunawa. Tsoho zai tsaya ya nuna maka da sanda ya ce nan korama take bi sa'ad da muna yara, shekarar kaza ta juya ta koma can, wurin ga da kuke son gina aji tabki ne a da. Injiniyan da aka turo bara, za a ɗauke shi baɗi, ba yadda za a yi ya san wannan, kuma hoton tauraron ɗan adam bai kai shekarun tsohon ba. Mata su ne suka san rijiyoyi, wadda ke fara ƙafewa, wadda ruwanta ke yin gishiri da bazara, gaba nawa aka ƙara ma igiyar guga daga bara zuwa bana. Makiyayi, Bafulatani ko Buzu, ya san kowane tabki da watan da yake ƙonewa daga nan har Abalak. Amma sau nawa ake kiran mace ko makiyayi in za a zauna taron "dattawan gari"?

Labarin tassa, inda haɗin ya yi aiki

A farkon shekarun 1960 an shiga Yatenga ta Burkina da manyan motoci aka ja shingayen ƙasa a dubban hektoci ba tare da an tambayi masu gonakin ba. Mutane ba su gyara su ba, 'yan shekaru kaɗan ruwa ya wanke aikin. A yankin nan dai, wajen 1980, manoma irin su marigayi Yakuba Sawadogo suka ɗauki wata tsohuwar dabara ta haƙa 'yan ramuka a faƙo, suka ƙara musu faɗi da zurfi, suka zuba taki a ciki. Su suna ce ma abin zai, mu tassa.

Ga yadda take ga wanda bai taɓa gani ba. Da rani ake haƙawa, ƙasa na tartsatsi a bakin dagi, rami kamar faɗin ƙwarya, zurfin wajen taƙi ɗaya, ƙasar da aka fid da a tara ta ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Iska ta kawo rairayi da ƙaiƙayi su faɗa ciki, gara ta ji ƙanshin taki ta zo ta yi ta huda hanyoyi a ƙarƙashi, to ranar da ruwan farko ya sauka maimakon ya zarce sai ya tsaya cikin ramin ya bi hanyoyin garar ya nutse. Hekta ɗaya na cin rami wajen 10,000, aiki ne na fasa ƙashi, kada wani ya ruɗe ku.

A ƙarshen shekarun 1980 wani furoje na FIDA, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, a Ilela ya ɗauki manoma 'yan ƙalilan ya kai su Yatenga su gani da idonsu. Suka dawo suka gwada a ɗan wuri. Da 1990 ta zo da ƙarancin ruwa sai ya zama masu tassa ne suka ga hatsi, maƙwabta na kallo. Daga nan ba a buƙaci wa'azi ba, abin ya bazu wajejen Badagishiri, har faƙon da a da ko kyauta ba a so ya koma ana sayensa da kuɗi, samari suka samu sana'ar haƙa tassa ana biyansu. A garin Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da mita da dama cikin shekara goma har mata suka fara lambu. Dabarar ta manoma ce, mota da awo da lissafin amfanin da aka samu na masu boko ne, kuma da babu ɗayan da ba a kai nan ba.

Keita wani salo ne daban. Babban furoje ne da ya fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da FAO da PAM, hukumomin noma da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, an yi shingayen dutse da madatsu, an dasa miliyoyin itace, kuma yawancin masu ɗaukar duwatsun nan a ka mata ne, mazan sun tafi biɗa, ana biyansu da abinci. Duwatsun Keita sun yi kore, wannan gaskiya ne. Amma aiki mai tsada irin wannan manomi ba ya iya maimaita shi da kansa ranar da motoci suka tafi. Kwatanta da sassaben zamani da ya taso a Maraɗi daga 1983, inda wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoma suka lura kututturan sabara da kalgo da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, a bar reshe biyu uku a gyara su kawai. Ba gandun renon itace, ba ban ruwa. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan biyar da itace miliyan 200 a kudancin ƙasar.

Inda kowanensu ke tuntuɓe

Ni ban yarda da masu cewa duk abin da tsoho ya faɗa daidai ne ba. Saninsa an gina shi ne a zamanin da ake barin gona ta huta shekaru, lokacin da mutanen Nijar ba su kai miliyan huɗu ba, yau sun haura miliyan 25, saura ta ƙare. Sama ma ta canza hali, binciken hotunan tauraron ɗan adam ya nuna manyan hadura masu zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka uku a Sahel tun 1982. Saboda haka "ruwa bai taɓa kawowa nan ba" ta daina zama hujjar gina gida a bakin korama. Shamuwa na zuwa, ana murna, a yi shuka, sai a yi kwana ashirin ba ɗigo.

Akwai kuma abin da ido da harshe ba sa ganewa. A Tibirin Maraɗi ruwan wani foraj garau yake, amma sinadarin fulor ya yi masa yawa, yara da dama ƙasusuwansu suka lanƙwashe kafin a gano, wannan sai ɗakin gwaji. Haka gangare, ido na yaudara, ka jera duwatsu a karkace sai ruwa ya taru wuri ɗaya ya fasa, ka buɗe sabon rami da hannunka. Maganinsa abu ne mai arha, tiyo fari da ake ganin ciki, a cika shi da ruwa a ɗaure bakunansa a sanduna biyu masu zane, mutum biyu su riƙe suna matsawa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a duka sandunan, a kafa turke, a ci gaba. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana koyonsa cikin yini ɗaya ko biyu.

Masu boko su ma nasu na nan. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke, kowace shekara ana fid da hasashen damina, amma yana fitowa da Faransanci da kashi kaza cikin ɗari, na babban yanki, alhali kowa ya san ana iya ruwa a garinku maƙwabta na cikin ƙura. Ma'aunan ruwan sama kuma sun yi ƙaranci. Sannan ga ciwon tsari ɗaya ga kowa, a zo a ce rabin wata, wato ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, 313 a hekta, ko faƙo ko jigawa, alhali a jigawa ruwa ɗaya ke cike ramin da rairayi, manomi ya sani amma ya yi shiru tunda ana biyan kowane rami.

To koyarwar fa, yaya ya kamata ta kasance?

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Kanada wani dattijon ƙabilar Mi'kmaq, Albert Marshall, ya yaɗa koyarwar da ake ce ma gani da ido biyu, ɗaya na sanin 'yan asalin ƙasa ɗaya na kimiyya, ana kai ɗalibai bakin koguna da ita. Tasu matsalar daban ce, an raba su da ƙasarsu da harshensu. Mu manomanmu na bisa gonakinsu har yanzu, lakol ce ta juya musu baya. Yaro a Tawa zai haddace maka cewa kogin Isa ya kai kilomita 4,200 ya lissafo ƙasashe tara na ABN, hukumar kula da kogin, amma tambaye shi daga ina koramar bayan gidansu ta taso, shiru.

Abin da ake nufi da haɗin, in an yi shi da gaske, ba a kira tsoho ranar biki ya yi jawabi a tafa masa ba ne. A ce mushe ya fita da 'yan aji bayan ruwa su bi korama da ƙafa zuwa sama, da dattijo ko dattijuwa ɗaya, Baba ya nuna inda take bi a da, yara su zana taswira a kaye. A kafa ma'aunin ruwa a filin lakol, kowace safiya yaro ɗaya ya karanta ya rubuta. A ɗaura ƙulli a igiya ana auna rijiyar gari kowane wata. In Inna ta ce tun da aka yi shingen dutse a sama rijiyar nan ta daina ƙafewa, a duba kaye a gani, in mushe ya ce littafi ya ce kaza, shi ma a gwada a fili biyu gefe da gefe. Kowa ana iya kama shi da kuskure, nan ne bambancin da biki. Tunda a 2025 an ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai hana darasin nan ya gudana da sunayen da iyayen yaran ke kiran ƙasa da itace.

Ga manya kuwa akwai wani bincike da aka yi a ƙauyuka 180 na jihar Damagaram daga 2018 kan rabin wata. An tarar horo kawai, a nuna wa mutum yadda ake auna shi a haƙa, ya sa fiye da kashi 90 cikin ɗari sun gwada a gonakinsu, ƙarin kuɗin da aka ba wasu bai ƙara yawan masu gwadawar ba. Wannan ya kamata ya sa masu raba kuɗin aiki su sake tunani, don mun ga inda mutane ke barin shinge ya lalace suna jiran a zo a sake biyansu su gyara. Malaman masallaci ma suna da wuri a nan, hadisin da ya ce wanda ya dasa itace duk abin da ya ci daga gare shi sadaka ce gare shi kowa ya san shi, huɗuba ɗaya a watan biyar ta fi allon furoje goma.

Rigimar da ba a cika faɗa a taro ba

Ilimi kaɗai ba ya sa mutum ya fasa faƙo. Tambayar farko da zai yi ita ce, in na gyara nawa ne? Matar da ta ɗauki dutse wata uku, ko wanda ke noman aro, sun san ranar da wurin ya yi kyau mai shi zai tuna da gadon kakansa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake ce ma COFO don a rubuta irin wannan yarjejeniya, to a rubuta kafin a ɗaga dagi, bayan hatsi ya fito an makara. Itace ma haka, shekara da shekaru mutane na tumɓuke tsiro a gonarsu don tsoron tarar ma'aikatan daji, sai da aka sakar musu mara suka fara bari, kuma sai a 2020 aka fid da doka ta musamman kan haƙƙin manomi a itacen da ya raina.

Makiyaya su ne ake yawan cuta ba a sani ba. Kan dutsen nan da ake kira mataccen fili makiyaya ce da damina, ana gyara shi sai a shuka hatsi, burtali ya tsuke, bisashe su rasa inda za su bi zuwa mashaya, daga nan sai sanda da takobi.

Sai ta ƙarshe, tsakanin na sama da na ƙasa. Mai albasa a fadama da manoman gandun Kwanni, da madatsan Mozage da Zango ke ba ruwa suna kuma cika da laka, su ne ke fara cin ribar aikin da aka yi a kan dutse, amma wanda ya yi gumin talaka ne mai noman hatsi da ba shi da injin ban ruwa. A wani gefen kuma in na sama suka tare ruwa da kyau, tabkin da na ƙasa suka dogara da shi don kifi da shayar da bisashe na iya rage cika a shekara mai ƙarancin ruwa. Garuruwan da ke bisa korama ɗaya sau da yawa komin ɗinsu daban, hakiminsu daban, kowane shugaban komin kasafinsa ya tsaya a iyakarsa, wanda ke sama ba wanda zai yaba masa don ya kare gonar wata komin, wanda ke ƙasa kuma doka ba ta ba shi hanyar kashe kuɗinsa a dutsen maƙwabta cikin sauƙi ba.